Sharhi: Wayar intanet mai tsawon kilomita 90,000 da abin da ke jiran ta a gefen titi

A ranar Alhamis, 14 ga watan Maris na 2024, miliyoyin 'yan Najeriya sun wayi gari intanet na tafiyar hawainiya, a wasu wuraren ma ya ɗauke baki ɗaya. Manhajojin bankuna da dama sun ƙi buɗewa, masu sana'ar POS sun yi ta bai wa abokan ciniki haƙuri, ofisoshin da aikinsu ya dogara ga intanet kuwa suka koma zaman jira. Kafin yamma aka gano dalili: manyan wayoyi huɗu da ke ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a yankin tekun ƙasar Kodebuwa. Sai da aka kira jiragen ruwa na musamman, aka kuma shafe makonni kafin a kammala gyara.

Wannan lamari ya cika kafafen yaɗa labarai saboda ya faru a lokaci guda, ya kuma shafi ƙasashe da yawa. Amma akwai wani tsinkewar da ke faruwa kullum a doron ƙasa, wanda ba ya samun irin wannan kulawa. Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta bayyana cewa a shekarar 2024 kaɗai an samu tsinkewar wayoyin fayiba fiye da sau 50,000 a faɗin ƙasar, kuma kimanin 30,000 daga ciki ayyukan gina tituna na Gwamnatin Tarayya da na jihohi ne suka haddasa su. Idan aka raba wannan adadi a kan kwanakin shekara, ya kama kusan sau 137 ke nan a kowace rana. A nan babu girgizar ƙasan teku, babu jirgin ruwa. Katafila ce kawai da direbanta, wanda sau da yawa bai ma san akwai wani abu a binne a wurin da aka ce ya tona ba.

A cikin wannan yanayi ne Gwamnatin Tarayya ke shirin aiki mafi girma da aka taɓa yi a fannin sadarwar ƙasar nan tun bayan zuwan wayar salula. A watan Mayu na 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kafa wani kamfani na musamman da zai shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wayar fayiba, domin jimillar abin da ƙasar ke da shi ya tashi daga kimanin kilomita 35,000 zuwa 125,000. Ministan Sadarwa, Ƙirƙire-ƙirƙire da Tattalin Arzikin Zamani, Dokta Bosun Tijani, ya ce aikin zai ci kusan dala biliyan 2, kuma manufarsa ita ce wayar ta isa dukkan ƙananan hukumomi 774. An tsara cewa gwamnati za ta riƙe kaso mafi ƙanƙanta na hannun jari, 'yan kasuwa su riƙe mafi rinjaye. A watan Oktoba na 2025 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 500 domin aikin.

Mafi yawan muhawarar da aka yi kan wannan shiri ta tsaya ne a kan kuɗi: daga ina za su fito, wa zai biya bashin, nawa ne rabon gwamnati. Tambayoyi ne masu kyau. Sai dai tarihin fannin ya nuna cewa ba rashin kuɗi kaɗai ke kashe ayyukan sadarwa a Najeriya ba. Abin da ya fi kashe su shi ne abin da ke faruwa bayan an sa hannu a kan takarda, a lokacin da injiniya ya isa bakin titi da ma'aikatansa ya tarar da cewa ƙasar da zai tona tana da iyayen gida fiye da ɗaya.

Yana da kyau a fara da bayanin abin da ake magana a kai. Wayar fayiba zare ne na gilashi, siririnsa bai wuce gashin kai ba, wanda ke ɗaukar saƙonni ta hanyar haske. Ana haɗa zaruruwa da yawa a cikin kwanso ɗaya, a zura su a bututun roba, a binne a rami mai zurfin mita ɗaya ko fiye. Wayar salular da ke hannun mutum ba ta magana da Legas ko Landan kai-tsaye. Tana magana ne da turken sadarwa mafi kusa da ita, shi kuma turken ya miƙa saƙon gaba. Idan turken yana haɗe da fayiba, saƙon zai wuce da sauri kuma da yawa. Idan babu, sai ya dogara ga faifan da ke harba saƙo ta iska daga turke zuwa turke, wanda abin da yake iya ɗauka bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da fayiba. Shi ya sa mutum zai ga alamar 4G cike a fuskar wayarsa a wani gari, amma ya kasa tura hoto ɗaya.

Matsalar Najeriya ba ta rashin intanet a bakin teku ba ce. Tun daga SAT-3 a 2002, zuwa MainOne da Glo-1 a 2010, da WACS a 2012, da Equiano ta kamfanin Google a 2022, har zuwa 2Africa da ta sauka a Legas da kuma Akwa Ibom, ƙasar ta tara wayoyin ƙarƙashin teku masu ƙarfin da ya ninka abin da ake amfani da shi sau da yawa. Kayan sun iso tashar jiragen ruwa, hanyar kai su cikin ƙasa ce babu. Masu harkar sun daɗe suna kokawa cewa ɗaukar intanet daga Legas zuwa Abuja ya fi tsada a kan ɗauko shi daga Landan zuwa Legas. Idan haka lamarin Abuja yake, sai a kwatanta da Maiduguri, wadda ke da nisan fiye da kilomita 1,500 daga Legas, ko kuma wani ƙauye a ƙaramar hukumar da ko titin kwalta bai kai gare ta ba.

Sakamakon wannan giɓi a bayyane yake a alƙaluma. Tsarin Intanet Mai Sauri na Ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari lokacin da Farfesa Isa Ali Ibrahim Pantami ke ministan sadarwa, ya ƙudurta kai yawan masu amfani da intanet mai sauri kashi 70 cikin 100. Wa'adin ya cika alƙaluman NCC na wajen kashi 50. An samu ci gaba, domin a ƙarshen 2018 adadin bai wuce kashi 31 da 'yan kai ba, amma tazarar kashi 20 ba ƙarama ba ce, kuma mafi yawanta tana karkara ne.

Cikas na farko da kowane manajan aikin shimfiɗa waya ke cin karo da shi shi ne kuɗin izinin tona gefen hanya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. Manyan titunan tarayya suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, titunan jiha na hannun gwamnatin jiha, ƙananan hukumomi ma suna da nasu. Wayar da ta tashi daga Legas zuwa Kano za ta ratsa jihohi da yawa da ƙananan hukumomi masu ɗimbin yawa, kuma a kowace iyaka akwai sabon ofishi, sabuwar takarda, sabon farashi.

Tun a 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda dukkan gwamnoni ke cikinta, ta amince da farashi ɗaya: naira 145 a kan kowace mita. Jihohi da yawa ba su bi ba. Wasu ma ƙara kuɗin suka yi zuwa dubban nairori, domin sun ɗauki kamfanonin sadarwa a matsayin saniyar tatsa. A farkon 2020 aka sake zama da Ƙungiyar Gwamnoni, aka sake ɗaukar alkawari. A wannan shekarar Jihar Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, Jihar Kaduna ta yafe kuɗin ɗungurungum, Jihar Kwara kuma ta mayar da shi naira 1 kacal a kan kowace kilomita. Wasu jihohin sun bi sahu a shekarun baya-bayan nan, amma har yanzu ba a samu bai ɗaya ba.

Lissafin mai sauƙi ne, kuma shi ke nuna girman abin. A kan naira 145, izinin kilomita ɗaya zai kama naira 145,000. A kan naira 4,500, kilomita ɗayan nan ta koma naira miliyan 4.5, tun ba a sayi ko taƙi ɗaya na waya ba, ba a biya ko lebura ɗaya ba. Idan aka ɗora wannan a kan kilomita 90,000, farashin farko zai ba da kimanin naira biliyan 13, na biyun kuma naira biliyan 405. Kamfanin da ke neman riba ba zai yi gardama da jihar da ta tsawwala ba. Zai kewaye ta ne kawai, ko ya tsaya a babban birninta inda masu saye suke da yawa, ya bar sauran garuruwan. Jihar ta yi asarar kuɗin izinin da take hange, ta kuma yi asarar harajin da za ta samu daga kasuwancin da wayar za ta kawo. An yi ba a yi ba ke nan.

Akwai kuma abin da sanarwar gwamna ba ta kashewa. Jiha na iya shelar cewa ta yafe kuɗin izini, amma ma'aikatar ayyukanta ta nemi kuɗin gyaran titin da aka tona, hukumar tsara birane ta nemi kuɗin duba taswira, hukumar muhalli ta nemi nata, ƙaramar hukuma ta turo nata jami'an, sannan matasan unguwa su tsaya a kan ramin su ce ba za a ci gaba ba sai an gan su. Wasu daga cikin waɗannan kuɗaɗe suna da hujja, domin kamfanonin da suka tona titi suka bar shi a buɗe har damina ta cinye gefensa su ma ba su da gaskiya. Abin da ke cutar da aiki shi ne rashin sanin adadin tun farko da rashin sanin ranar da takarda za ta fito. Ɗan kwangilar da ya ɗauko hayar injina da ma'aikata yana biyan su ko suna tono ko suna zaune a inuwa. Wata uku na jiran sa hannu na iya tura aikin cikin damina, damina kuma ta ƙara masa wasu watannin.

Saurin da ake buƙata ya sa wannan jinkiri ya zama babban al'amari. Ko da an ɗauka cewa shekara biyar za a yi ana aikin, kilomita 90,000 na nufin kilomita 18,000 a kowace shekara, wato kusan kilomita 50 a kowace rana, har da ranakun Juma'a da Lahadi da na Sallah da na Kirsimeti. Ƙasar da ta shafe fiye da shekara 20 kafin ta tara kilomita 35,000 ce ake so ta yi wannan. Ba abu ne da ba zai yiwu ba, tunda za a raba aikin ne ga 'yan kwangila da yawa a shiyyoyi daban-daban su riƙa yi a lokaci guda. Amma hakan na nufin ofishin da ke kula da aikin zai riƙa bibiyar ɗaruruwan wuraren tono a rana ɗaya, yana tabbatar da cewa kowane rami ya kai zurfin da aka rubuta a yarjejeniya. Ramin da aka ce mita ɗaya aka tona rabin mita ba ya nuna kansa ranar miƙa aiki. Sai ruwan sama na farko ya zo, ko manomi ya kafa garma.

Cikas na biyu ya fi na farko ciwo, domin yana lalata abin da aka riga aka kashe wa kuɗi. Mafi yawan wayoyin fayiba na ƙasar nan suna kwance ne a gefen manyan tituna, saboda nan ne hanya mafi sauƙi. Duk ranar da aka ba da kwangilar faɗaɗa titi ko gina magudanar ruwa, wayar da ke gefensa ta shiga haɗari. Hanya irin ta Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, wadda aka shafe shekaru ana aikinta, misali ce ta irin wuraren da injinan tono da wayoyin sadarwa ke zaman doya da manja na tsawon lokaci.

Idan waya ta tsinke, injiniyoyi na amfani da wata na'ura da ke harba haske cikin zaren ta auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, ta haka za ta nuna nisan wurin da matsalar take. Daga nan sai tawaga ta tashi da mota, ta nemo wurin, ta tono bakin wayar biyu, ta haɗa zaruruwan ɗaya bayan ɗaya da injin da ke narka gilashin ya manne shi. Aiki ne na haƙuri da ba ya son ƙura, ga shi kuma ana yin sa a gefen titi. Kowane ɗinki yana rage wa hasken ƙarfi kaɗan, saboda haka wayar da aka ɗinke sau da yawa takan kai matsayin da dole a sauya sashen baki ɗaya. Kuɗin wannan gyara daga ƙarshe yana komawa kan mai sayen kati da data.

Masu tsara irin waɗannan hanyoyi suna da magani sananne: a yi su kamar zobe, ta yadda idan gefe ɗaya ya yanke saƙo zai bi ta ɗaya gefen. Maganin yana aiki ne idan gefen biyu ba su tsinke a rana ɗaya ba. A ƙarshen watan Fabrairu na 2024 masu amfani da layin MTN sun shafe sa'o'i babu sabis a sassa da dama na ƙasar, kuma kamfanin ya danganta lamarin da tsinkewar wayoyi a wurare da yawa a lokaci guda. Garuruwan da waya ɗaya tak ke kai musu sabis, kamar yadda lamarin yake a sassa da yawa na karkarar Arewa, ba sa ma buƙatar irin wannan haɗuwar tsautsayi. Bugu ɗaya na katafila ya ishe su.

Gwamnati ta ɗauki matakai biyu a kan wannan. A 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, wanda hakan ya sa lalata su da gangan na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 10 a ƙarƙashin Dokar Laifukan Intanet ta 2015. A farkon 2025 kuma Ma'aikatar Ayyuka da Ma'aikatar Sadarwa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa domin kare wayoyin fayiba a lokacin aikin titi. Matakin farko zai iya tsorata ɓarayin da ke yanke waya suna zaton tagulla ce a ciki, alhali gilashi ne da ba shi da kasuwa a wurin 'yan gwangwan. Amma direban katafila ba ɓarawo ba ne. Ba ɗauri zai hana shi yanke waya ba, taswira ce za ta hana shi, tare da sharaɗi a cikin kwangilar ubangidansa cewa sai an sanar da masu waya kafin a fara tono, kuma wanda ya yanke bayan an nuna masa wurin shi zai biya.

A nan kamfanonin sadarwa ma suna da nasu laifin. Shekaru da dama kowannensu ya riƙe taswirar wayoyinsa a matsayin sirrin kasuwanci, wasu kuma sun binne waya ba tare da alamar gargaɗi ba, ko a wurin da ya saɓa wa abin da ke cikin takardar izini. Ba za a zargi ɗan kwangilar titi da rashin kiyaye abin da ba a nuna masa ba. Cewa haɗin kai na yiwuwa an gan shi a 2024, lokacin da Ministan Ayyuka, Injiniya David Umahi, ya sanar da janye wani sauyin da aka shirya yi wa hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba, yana mai kafa hujja da wayoyin ƙarƙashin teku da ke sauka a yankin Okun Ajah. Wancan ya samu ne domin wayoyin manya ne kuma masu su sun yi magana da babbar murya. Wayar da ke kai sabis Gwarzo ko Gashuwa ba ta da mai yi mata irin wannan kururuwa.

Hanya mafi arha ta kauce wa rikicin ita ce a yi tono sau ɗaya. Mafi yawan kuɗin shimfiɗa fayiba ba na wayar ba ne, na rami ne da bututu da mayar da ƙasa. Idan aka binne bututun da babu komai a ciki tun lokacin gina titi, duk kamfanin da ya zo daga baya sai dai ya yi hayar bututun ya zura wayarsa, ba tare da ya fasa kwalta ba. Jihar Legas ta gwada wannan da shirinta na bututun bai ɗaya, wanda kashinsa na farko ya kai kilomita 3,000. Haka kuma akwai hanyoyin da tun asali na Gwamnatin Tarayya ne, ba sa buƙatar izinin kowace jiha: layukan dogo, manyan layukan wutar lantarki da tuni wasunsu ke ɗauke da fayiba a samansu, da bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614. Kowannensu yana ƙarƙashin wata ma'aikata daban, kuma haɗa kan ma'aikatun tarayya a kan abu ɗaya shi ma aiki ne mai zaman kansa.

Wannan ba shi ne karon farko da Najeriya ta yi yunƙurin kai fayiba kowane lungu ba, kuma ya kamata masu tafiyar da sabon shirin su karanta abin da ya faru da na baya. Tun daga 2015 NCC ta fara ba da lasisi ga kamfanonin shimfiɗa waya na shiyya-shiyya, ɗaya a Legas, sauran a shiyyoyin ƙasar shida, da nufin su gina hanyoyin su riƙa sayar wa kowa. A takarda tsarin ya yi kyau. A aikace, tallafin da aka tsara ba su bai zo yadda aka yi zato ba, kuɗin izinin tono ya tsaya musu a wuya, kamfanin da ya fara samun lasisin shiyyar Arewa ta Tsakiya ma mayar da shi ya yi. Kafin su akwai NITEL, wanda ya gaji hanyoyin sadarwa a faɗin ƙasar amma rashin kulawa ya bar su suka ruɓe, har aka kai shekarar 2001 ƙasar na da layukan tarho kimanin 400,000 kacal. A yau layukan salula masu aiki sun haura miliyan 170, kuma 'yan kasuwa ne suka gina kusan dukkan abin da ke ɗauke da su. Wannan ne hujjar masu goyon bayan barin rinjayen sabon kamfanin a hannun 'yan kasuwa.

Sai dai hujjar tana da ɗaya gefen. 'Yan kasuwa sun bi kuɗi ne, shi ya sa ake samun wayoyin kamfanoni uku ko huɗu jere da juna a kan hanyar Legas zuwa Ibadan ko a cikin Abuja, alhali mutum fiye da miliyan 20 na zaune a wuraren da babu sabis ko kuma bai taka kara ya karya ba. Kamfanin da masu hannun jarinsa ke jiran riba zai so ya fara da hanyoyin da za su biya kansu da wuri, ya bar masu wahala zuwa ƙarshe, lokacin da wataƙila kuɗi sun ƙare. Jerin wuraren da za a fara da su, da sharaɗin cewa kowane mai saye, babba ko ƙarami, zai samu farashi ɗaya, sun fi yawan kilomitocin muhimmanci ga mutumin Illela ko Mubi. Idan ƙaramin kamfanin intanet a Gusau ba zai iya sayen hanya a farashin da babban kamfani ke saye ba, wayar za ta wuce ta ƙofar gidansa ne kawai.

Ko an kai wayar, sai da wuta take aiki. Dubban turakun sadarwa a ƙasar nan sun dogara ne ga janareto, kuma ƙungiyar kamfanonin sadarwa na cewa suna ƙona lita miliyan 40 ko fiye na man dizal a kowane wata, ban da satar batir da farantan sola. Kayan aikin kuma kusan duka da dala ake sayo su, ribar kuwa da naira take shigowa. Faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta sa MTN Najeriya ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023 da kimanin biliyan 400 a 2024, abin da ya taimaka wajen sa NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025, karo na farko tun 2013. Bashin Bankin Duniya shi ma da kuɗin waje za a biya shi.

A Arewa akwai ƙarin nauyin tsaro. A 2012 mayaƙan Boko Haram sun lalata turakun sadarwa da dama a Arewa maso Gabas, a 2013 kuma aka katse sabis a Borno da Yobe da Adamawa a lokacin dokar ta-ɓaci. A watan Satumba na 2021 an rufe sadarwa a Jihar Zamfara baki ɗaya domin yaƙi da 'yan bindiga, daga baya matakin ya shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutanen waɗannan wurare sun san ma'anar rashin sabis fiye da kowa: tafiya mai nisa zuwa wata jiha domin kiran waya ɗaya ko karɓar kuɗin da ɗan'uwa ya turo. A irin waɗannan yankuna, tawagar gyara ba za ta fita da daddare ba, wani lokacin ko da rana sai da rakiyar jami'an tsaro, don haka tsinkewar da ake gyarawa cikin sa'o'i a Ikeja na iya ɗaukar kwanaki a Birnin Gwari. Kasafin da bai ware wa wannan kuɗi da lokaci ba zai ƙare ne da taswirar da ke nuna waya a wurin da babu mai iya zuwa duba ta. Ɗaukar mutanen garuruwan da wayar ta ratsa aikin tono da gadi, da sanar da hakimai da dagatai tun kafin injina su iso, na daga cikin abubuwan da ke rage ɓarna, kuma ba su da tsada.

Akwai wurin da za a iya gane alƙiblar abin tun kafin a kammala kilomita 1,000 na farko. A watan Oktoba na 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wadda za ta tashi daga Illela a kan iyakar Nijar ta ratsa Kebbi da Neja da Kwara da Oyo da Ogun kafin ta isa Legas. Sabuwar hanya ce, kuma injinan tono suna wurin a yanzu. Idan aka binne bututun waya a gefenta kafin a zuba kwalta, Arewa maso Yamma za ta samu wata sabuwar hanyar intanet zuwa bakin teku a kan kaso kaɗan na kuɗin da za a kashe nan gaba. Idan aka bari sai an gama, wani ɗan kwangilar ne zai dawo da takardar neman izini a jihohi bakwai domin ya fasa gefen titin da aka gama biyan kuɗinsa.